Mastan da ya buɗe mana layin ruwa a Maamobi, da rigimar wa zai biya

Akwai wani fulamba a nan wajenmu Maamobi a Accra, kowa Masta yake ce masa, shi da yaransa biyu, aikinsu buɗe layin ruwa in ya toshe, gyaran manhol (ramin duba layi mai murfi), haƙa sokawe (ramin da ruwan datti ke tsotsewa cikin ƙasa) da irin waɗannan. Shi ya yi mana aiki a gida farkon damina, kuma tun daga nan mutane suke ta tambayata ya aikinsa yake, nawa ya karɓa, ya muka ƙare da maganar kuɗi tunda gidan haya ne. To ga abin da na gani da idona, mai daɗin da mara daɗin. Ba zan sa sunansa ko lambarsa ba tunda ban nemi izininsa ba. A gajarce dai in ruwa ya sake tsaya mana shi zan kira, duk da bai fi kowa araha ba, saboda mutumin nan ba ya rufe rami sai ya tara mutanen gida ya nuna musu inda abu ya toshe da abin da ya toshe shi, kuma wanda ya zauna gidan haya ya san wannan kaɗai ya kashe rabin faɗa.

Bari in faɗi yadda gidan yake don a gane. Gidan gado ne, ɗaki 12, bayin wanka biyu, wajen wanke-wanke ɗaya a tsakar gida. Masai yana da nasa tankin daban, bai shiga wannan maganar ba. Amma ruwan wanka da na wanki da na wanke kwanuka duk fayif ɗaya suke bi, ya fita ta ƙarƙashin katanga ya bi lungu ya zuba a gotar bakin hanya, daga nan ya gangara babbar gotar Nima, ita kuma ta kai kogin Odaw, Odaw ta kai tafkin Korle sai teku. Yawancin unguwannin Accra haka muke, babu babban layin gwamnati a ƙarƙashin ƙasa da yake kwashe ƙazantar gidaje, Ghana Water ruwan famfo suke kawowa ba su da ruwa da wanda ya fita daga bayinka, don haka in ya toshe babu ofishin da za ka buga wa waya su zo, ku ne da aljihunku. Sannan masu gidan su uku ne, magada, kowa yana karɓar haya na ɗakunan da suka faɗo masa. Baba Alhaji yana zaune tare da mu, ƙanwarsa tana aure a Kumasi, ƙaramin yana Jamus. Ɗaki kowa ya san nasa in lokacin adibans ya yi, wato kuɗin hayar da ake biya gaba, amma fayif ɗin da ke ƙarƙashin lungu ba a raba shi a gado ba, ba wanda ya taɓa cewa nawa ne.

Abin ya fara ne da ruwa yana jinkirin wucewa, ka gama wanka kana tsaye cikin kumfa har idon sawu, sai rariyar ta riƙa wani ƙugi tana kawo wari, daga baya in an zuba ruwa a wajen wanke-wanke sai ya ɓullo a bayi. Kowa ya kawo dabararsa. An zuba ruwan zafi, an zuba soda, an kira wani yaro ya zura ƙarfen rodi ta rariyar bayi ya karɓi kuɗinsa ya tafi, ya ɗan buɗe kwana kaɗan ya koma gidan jiya. Kafin ka ce me zargi ya fara yawo. Wasu suka ce Hajiya mai sayar da waache (shinkafa da wake) ce, ita ke wanke manyan tukwane kullum da asuba. Wasu suka ce mai jegon ɗakin ƙarshe ce ke jefa pampas. Har gaisuwa ta fara raguwa a tsakar gida wallahi, mutanen da suke cin tuwo kwano ɗaya da azumi, kuma yarinyar nan mai jego na ga ta daina fitowa shan iska da yamma saboda maganganu. Wannan ya fi warin damuna.

Ranar da Masta zai zo ya ce ƙarfe takwas, bai iso ba sai bayan azahar, kuma bai kira ya ce zai makara ba, wannan laifinsa na farko ke nan, zan dawo kansa. Amma da ya iso bai taɓa ko sanda ɗaya ba tukun. Ya ce a cika masa bokiti, ya ciro bular wanki daga aljihu ya kaɗa ruwan ya yi shuɗi, ya sa yaronsa ya buɗe manhol ɗin tsakar gida, muka tarar ya cika har baki. Ya je bakin gota inda fayif ke zubarwa ya tsuguna ya duba, ruwa ɗis-ɗis kawai yake fita. Ya ce "Yaya, tsakanin nan da can tafiyar ta yi tsawo, ba mai hankalin da zai binne fayif haka ba tare da wani manhol a tsakiya ba, akwai wanda aka rufe." Ba wanda ya san da shi a cikinmu, har Baba Alhaji ya ce shi bai tuna ba. Mutumin nan ya ɗauki guduma yana bin lungu yana ƙwanƙwasa siminti yana saurare, har ya zo wani waje da sautin ya canza, ya ce a fasa nan. Aka fasa, sai ga murfi, an shafe shi da siminti tun lokacin da aka gyara lungun. Shi ma cike yake taf, kuma a jikinsa akwai bakin fayif biyu masu shigowa, ba ɗaya ba.

Nan ne bular ta yi aiki. Ya yi sallama gidan maƙwabta ya roƙi a bar yaronsa ya zuba bokiti ɗaya a bayinsu. Mai gidan ya ce su layinsu daban yake, kuma na yarda da gaske haka ya sani, don sayen gidan ya yi, ba shi ya gina ba. Aka zuba, muna tsaye sai ga shuɗi yana tasowa a manhol ɗin lungu. Ba wanda ya ƙara cewa komai, gani ya kori ji. Masta ya yi bayani cewa gidansu ya fi namu tudu, shi ya sa in layin ya toshe ruwan gida biyun duk wajenmu yake komawa, su ba su taɓa ganin komai a bayinsu ba. Kuma ƙa'idar da ya koya mana mai sauƙi ce, kowa zai iya dubawa kafin ma ya kira fulamba: ka bi manhol ɗaya bayan ɗaya, wanda ya cika toshewar tana gabansa, wanda yake fayau toshewar tana bayansa. In bayinka kaɗai ke tara ruwa amma manhol ɗin gida babu komai, to matsalar a reshenka take, kada ka tashi gida da hayaniya.

Sai suka fara zura sandunan nan da ake ɗaura ɗaya a gindin ɗaya, daga baya suka sa sifirin mai murɗawa. Duk abin da ya fito bai bari a zubar ba, ya sa aka shimfiɗa tsohon buhu a tsakar gida ana tarawa a kai, ya ce a kira kowa da kowa, har mata da ke ɗaki. Abin da ke kan buhun nan: robar fiya wata da yawa, guntayen soson wanka na raga, gashin doki da aka tsefe ya dunƙule da zaren buhu, murfin kwalba, buroshin haƙori, ƙashin kifi, sai yashi da toka masu yawan gaske irin wanda ake goge gindin tukunya da shi, sai wasu farare-fararen dunƙule masu tauri kamar sabulun wanki. Ya ɗauki ɗaya ya fasa da hannu ya ce wannan kitse ne da man girki, yana shiga fayif da zafinsa a narke, ya huce ya daskare a jikin bango, yashi ya zo ya manne, kuma sodar da muka riƙa zubawa ita ta ƙara masa tauri, don soda in ta haɗu da mai sabulu take zama, in ba ruwa mai yawa da zai wanke shi sai ya zauna nan. Pampas kuwa ko ɗaya babu. Ya faɗa da ƙarfi kowa ya ji, "Babu pampas a nan." Ban san ko wani ya gaya masa zancen da ake yi a gidan ba ko kuwa ya saba gani ne, amma na ji daɗin wannan kalma ƙwarai, kuma na ga fuskar mijin yarinyar.

Hajiya ma ta samu sauƙi, duk da ba a wanke ta gaba ɗaya ba. Masta ya ce mata "Hajiya, man nan akwai naki da yawa, ba zan ɓoye miki ba, amma gashin nan da soson nan ba daga tukunyar waache suka fito ba." Ta ce ta yarda. Ni a ganina wannan shi ne adalci, kuma fulamba da yawa ba sa yi, su dai su tura dattin gaba ya faɗa gota su karɓi kuɗi, ku kuma ku ci gaba da zargin juna.

Bayan an buɗe ruwa ya fara wucewa amma ba da ƙarfi ba, kuma sandar tana cijewa a waje ɗaya kullum. Ya auna tsawon sandunan da suka shiga, ya auna a ƙasa, ya ce a haƙa. Ko ƙafa ɗaya ba a yi ba aka tarar da fayif ɗin, inci 3 ne mara kauri, ya lotse ya tsage, ƙasa tana shiga ta tsagar, kuma daidai nan ne aboboya, babur mai ƙafa uku mai kwasar bola, take bi da kaya. Ya ce ko yau an wanke layin tas, nan wajen zai ci gaba da riƙe datti tunda ya yi kwari ruwa yana kwanciya, sai an canza shi da inci 4 mai kauri, a ba shi gangara daidai, a zuba kankare a kai saboda abin hawa. Bai matsa mana ba, ya ce ku yi shawara, amma ku sani in kun bar shi za ku sake kirana kafin damina ta fita.

To yanzu kuɗi. Kuɗin dubawa da buɗewa sidi 700. Canza fayif da siminti da yashi da sabon murfi da ladan aiki sidi 2,300. Kuma da yake ya raba mana aikin gida biyu haka, shi ya sa rabon biyan ma ya zo da sauƙi. Abin da muka tsayar, kuma ni har yanzu ina ganin shi ne daidai a kowane gidan haya: abin da amfani ya jawo, masu amfani su biya, abin da gini ne ya lalace ko tun farko ba a yi shi daidai ba, na mai gida ne. Ɗan haya bai sayi fayif mara kauri ba, bai binne shi sama-sama ba, bai shafe manhol da siminti ba, kuma ranar da zai tashi ba zai tone shi ya tafi da shi ba. Haka shi ma mai gida bai jefa robar fiya wata a rariya ba.

Sidi 700 ɗin Hajiya da kanta ta ce za ta ba da 150 saboda sana'arta, sauran 550 aka raba wa ɗaki 11, kowa 50. Nan ma an ɗan ja, wani saurayi da ke zaune shi kaɗai, yana fita tun asuba sai dare, ya ce don me zai biya daidai da ɗakin da ke da mutum bakwai. Gaskiya yana da hujja. Kuɗin wuta ai da foyin muke rabawa, mai firij da ayan ya fi mai ƙwai ɗaya biya, to ruwa ma kamata ya yi a bi yawan kawuna. An ba shi haƙuri ya biya saboda kuɗin ba yawa, amma mun rubuta cewa nan gaba da kai za a lissafa, yara biyu a matsayin babba ɗaya. Ina ba kowane gida shawara su tsayar da wannan tun ruwa yana wucewa lafiya, don ranar da ya toshe ba mai sauraron wani.

Babban kuɗin shi ya ɗauki lokaci. Maƙwabta suka ba da 500 tunda wajen da ya fashe na tarayya ne, ni a raina ya kamata su ba da rabi, ruwansu ma ta nan yake bi, amma Baba Alhaji ya ce maƙwabtaka ta fi, aka bari. Sauran 1,800 na magada uku, kowa 600. Da farko Baba Alhaji ya ce ku da kuke wanka ku gyara mana, sai na ce "Baba, ku zo ku ga fayif ɗin da idonku tukun." Ya zo ya tsaya a bakin ramin, Masta ya miƙa masa guntun da ya yanko ya matsa shi da yatsa biyu ya lanƙwashe, Baba ya yi shiru, ya shiga ɗaki ya fito da nasa kason. Da baki kawai muka je masa da ba mu samu ko pesewa ba, na tabbata. Ta Kumasi aka tura mata hoto da bidiyo a WhatsApp ta turo nata ta momo, wato kuɗin waya. Na Jamus har yau ana jira.

A nan ne nake so 'yan haya su buɗe ido. Mutane suna cewa ai sai ka gyara ka cire a kuɗin haya. A cire a ina, bayan ka riga ka biya adibans na shekara biyu? Dokar haya ta Ghana, ta 1963, wadda ake kira Act 220, ta ce kada mai gida ya karɓi adibans fiye da na wata 6, amma kowa ya san abin da ake yi a Accra, shekara ɗaya ko biyu ake karɓa, kuɗinka yana hannunsa tuntuni, ba ka da abin riƙewa. Don haka in dole ta sa kuka fitar da kuɗin da na mai gida ne, kada ku yarda da "za mu gani in lokaci ya yi". Mu ɗakuna huɗu na ƙaramin muka haɗa 600 ɗin, kowa 150, muka rubuta takarda cewa za a cire ranar sabunta haya, Baba Alhaji ya sa hannu a madadin ƙaninsa, limamin masallacin lungunmu ya yi shaida, kowa ya ɗauki hoton takardar a waya. In mai gida ya ƙi sam, akwai ofishin Rent Control, suna kiran ɓangare biyu su zaunar da ku, in abu ya gagara ya wuce kotu, amma can ma takarda da hoto da rasit za su tambaye ka. Kuma kada a manta da samasama, ma'aikatan tsabta na asambuli, wato ƙaramar hukuma, mu nan Ayawaso North muke tun da aka raba a 2018. In suka zo suka ga ruwan ƙazanta kwance a lungu sammaci za su rubuta, ba za su tsaya sauraron tarihin wane magaji ne bai turo kasonsa ba.

Yanzu abubuwan da ban ji daɗinsu ba a aikin Masta, don kada wani ya kira shi ya ce ban faɗa ba. Lokaci dai ba ya cikawa, ranar canza fayif ma haka ya yi, in kana da wajen aiki ka nemi wanda zai tsaya maka a gida. Rasit ba ya bayarwa sai ka matsa, kuma da na matsa a takardar littafin makaranta ya rubuta jimla kawai, sai da na ce ya rarraba min, fayif nawa, siminti nawa, aiki nawa. Da ya rarraba na je shagon kayan gini na tambaya, farashin bai yi nisa da nasa ba, ba cuta a ciki, amma a gidan da mutum goma sha za su haɗa kuɗi dole lissafi ya fito fili, in ba haka ba wanda ya tara kuɗin shi za a zarga. Sannan sun bar mana tarin ƙasa da fasasshen siminti a lungu, da dattin kan buhun, ya ce kwashewa ba ta cikin ciniki, mu muka biya mai aboboya. Ku yi wannan maganar da shi tun farko.

Wanda ya fi damuna shi ne yaransa. Hannu tsirara suke zurawa cikin manhol, ba safar hannu ba takalmin roba, ɗaya silifas ne a ƙafarsa, kuma ruwan nan mun zuba masa soda, tana cin fata. Na yi masa magana ya ce sun saba. Sabo ba ya hana ciwo, yaran mutane ne aka ba shi amana su koyi sana'a, kuma kuɗin safa bai kai komai ba a cikin abin da yake samu. Amma in ba shi haƙƙinsa, da wani ya ce tunda an zo a leƙa tankin masai ma, ya hana yaron kusantar bakin, ya ce iskar da ke cikin tanki tana kashe mutum kafin ya yi ihu, ba a shiga, aikin motar zuƙa ne. Ya kuma ce duk wanda ya zuba asid ko soda a layi ya gaya wa fulamba kafin ya sa hannu.

Kafin ya tafi ya sa mana raga a bakin kowace rariya, ya gina wa Hajiya ɗan ƙaramin akwatin siminti a wajen wanke-wanke mai tare mai da yashi kafin ruwa ya shiga fayif, tana kwashewa duk sati, ita ta biya wannan da kanta. Ya bar murfin manhol ɗin lungu a fili yadda za a iya ɗagawa, ya ce duk wanda ya sake shafe shi da siminti shi zai biya na gaba. Bayan wani ruwa mai ƙarfi da aka yi a watan Yuni ya biyo da kansa ya ɗaga murfin ya duba bai karɓi komai ba, wannan ban taɓa ganin fulamban da ya yi ba.

Abu ɗaya da ya faɗa wanda ba aikinsa ba ne kuma ba zai iya mana ba, shi ne gotar bakin hanya. In ta cika da yashi da roba har ta rufe bakin fayif ɗinmu, duk gyaran nan ruwa zai dawo ciki. Gota ta asambuli ce, amma wanda ke gaban ƙofarka in ka zauna jira kai za ka kwana cikin ruwa. Mu da muka ga kwalarar 2014 da ta kashe sama da mutum 200 a ƙasar nan, akasari a Accra, muka ga daren 3 ga Yuni 2015 da ambaliya da gobarar gidan mai suka ci rayuka kusan 150 a Kwame Nkrumah Circle da ke tsakiyar Accra, inda ruwan unguwarmu yake gangarawa, bai kamata sai an roƙe mu mu kwashe gota ba. Yanzu gida biyun mun sa Asabar ɗin farkon wata samari suna fitowa da shebur, matsalar da ta rage ita ce abin da aka kwaso, in aka tara shi a bakin gota aka bari ruwan farko zai mayar da shi ciki, don haka kowane ɗaki yana ba da sidi 5 na mai aboboya, kuma asambuliman ɗinmu mun kai masa maganar sauran gidajen layin da ba sa fitowa, ya ce zai zo ya zauna da masu gidajen.